Rubutun Sallau a Jikin Tano

A shekarun da ake ginin gadar Gaya, lokacin Nasara yana nan amma kowa ya fara jin ƙishin-ƙishin tafiyarsa, ba ka isa ka shiga garin nan ba ka ci karo da hannun Sallau ba. Yana goshin kamiyon da ke ɗauko kaya daga bakin kogi zuwa Doso, yana saman ƙofofin kantuna, yana jikin akwatin mai burodi, har a haƙarƙarin jiragen masunta. Wanda ya iya karatun boko da wanda bai iya ba, kowa ya san wannan rubutu daga nesa.

Rubutu ne mai ƙiba. Kowane harafi ya ci ya ƙoshi, babu kusurwa ko ɗaya a jikinsa, duk inda ya kamata ya yi tsini sai ya lanƙwashe ya yi kumatu. O ɗinsa kamar gammo take, ramin tsakiyarta ɗan mitsitsi. Sannan duka haruffan sun karkata dama, kai ka ce sauri suke yi za su tari wani a tasha. Shoferori suna mutuwar son wannan karkatar. Suna cewa ko mota tana tsaye da fasasshiyar taya, in dai Sallau ne ya rubuta mata suna, sai ka ga kamar gudu take yi.

Ba shi ya ƙirƙiro rubutun ba, ko da yake ba ya son a tuna masa. A murfin wani gwangwanin biskit ya gan shi, wanda wani shofer ya zo da shi daga Kotonu. Haruffan da ke murfin kaɗan ne, sauran shi ya ƙago su da kansa, yana gwadawa da gawayi a bangon gidansu har maƙwabta suka fara tambayar lafiyarsa. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana yaro, bai yi nisa ba, amma ya tsira da iya haɗa baƙi a hankali, kuma wannan ya ishe shi. Rubutun nasa dama ba ya son doguwar magana, kalma uku ta cika ƙofa. Wani mai kanti ya taɓa neman a jera masa duk abin da yake sayarwa, daga gishiri har allura. Sallau ya ce masa ya zaɓi ɗaya, ko sunansa ko kayansa, don ƙofar ba za ta ɗauki duka biyun ba. Mutumin ya zaɓi sunansa, kamar yadda kowa zai yi.

Sallau yana da girman kai a kan aikin nan, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ba mugu ba ne, yana da fara'a, yana da kyauta, amma in ka kushe masa harafi ɗaya sai ya yi wata bai amsa gaisuwarka da kyau ba.

To, a lokacin akwai wani abu da matan Gaya da na ƙauyukan bakin kogi ke rububi, shi ne gangar ƙarfe da ta ƙare aiki, wadda muke ce wa tano. Wadda ta mallaki tano ta huta da yawan zirga-zirgar ɗiban ruwa, ta cika shi ruwan ya kwanta, ta yi ta amfani. Matsalar ita ce ganguna iri-iri ne. Akwai na man gyaɗa, wanda in an wanke da toka da ruwan zafi shi ke nan. Akwai na kananzir da na baƙin man mota, waɗanda ko shekara ka yi kana wankewa ruwansu ba ya shawuwa. Daga waje duk baƙaƙe ne, kuma 'yan kasuwa ba duka ke tsoron Allah ba.

Isufu, babban mai sayar da man gyaɗa, shi ya yi dabara. Ya sa Sallau ya riƙa rubuta sunan kantinsa da rawayan fenti a jikin kowace ganga tasa, don in man ya ƙare mata su gane ta. Sallau kuwa, da bakinsa, a tsakiyar kasuwa, ya koya wa matan yadda za su karanta ba tare da sun san harafi ba.

"Ba ruwanku da abin da yac ce," yake faɗa musu. "Ku dai dubi jikin rubutun. In kun gan shi rawaya, mai ƙiba, ya jingina awa mai jin barci, to hannuna ne. Ku saya ido rufe."

Mata suka riƙe wannan magana gam. Kafin shekara ta zagayo, har a tungayen masunta na wajen iyakar ƙasar Ingilishi an san cewa tano mai rubutun Sallau shi ne na ruwan sha.

Cikin matan da suka fi kowa riƙe ta akwai Bibata. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Dendi, mai ƙyafaffen kifi, tana zaune a wata tunga ƙasa da Gaya tare da ɗanta Seyni, masunci. Ita ta shayar da Sallau. Uwarsa ta rasu yana jariri, lokacin Bibata tana maƙwabtaka da su tana goyon Seyni, sai ta haɗa su biyu a ƙirjinta ba wanda ya roƙe ta. Hausarta ta kasuwa ce, tana karya ta yadda ta ga dama, amma ba ta taɓa ce masa Sallau ba. "Ay izo" take kiransa, wato ɗana a bakinsu. Duk ranar kasuwa sai ta biyo ta rumfarsa ta ajiye masa kifi a ganye, ta tsaya tana kallon yadda yake jan buroshi, ta gaya wa duk wanda ya tsaya kusa cewa nononta ne a hannun nan.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa, shi ne ya aje mata tano guda daga na Isufu, don gwiwoyinta sun fara gajiya da gangaren kogi. Ya ce kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zo, an riga an wawashe gangunan. Ya ce ta gaba. Haka suka yi ta yi har abin ya zama kamar gaisuwa a tsakaninsu, ta ce "tanona hwa?", ya ce "yana nan tahe, Inna," su yi dariya. Ba rowa ba ce, kalma ɗaya zai faɗa wa Isufu a keɓe mata. Mantuwa ce irin wadda mutum ke yi wa wanda ya tabbata ba zai yi fushi da shi ba.

Ana nan, gab da damina, aka yi ta raɗe-raɗin fara ta taso daga arewa. Biron noma, wato ofishin aikin gona, ya sa aka kawo maganin fara daga Dahome a cikin ganguna. Wajen ƙetarowa a jirgin fito ruwa ya jiƙa takardun da aka manna a jikinsu, suka saɓule, gangunan suka iso tsirara. Nasaran da ke riƙe da biron ya tafi Doso, sai komi, wato magatakardansa, Mushe Amadu (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), ya hau kekensa ya zo rumfar Sallau da wata 'yar takarda da ta tsira.

"Ga abin da za ka kwaikwaya," ya ce. "Kalma biyu ce ta Faransanci. Wagga tana cewa guba, wagga tana cewa haɗari. Da jan fenti. Ga kuma hoton da za ka sa a ƙasa."

Sallau ya karɓi takardar ya riƙe ta da yatsa biyu. Haruffan sirara ne, a tsaye ƙyam, duk tsini, irin na takardun gwamnati. A ƙasansu an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye.

"Wanga ai ba rubutu ba ne, karan dawa ne aka jera," ya ce. "Wa zai gan shi daga nesa? Ka bar ni in yi maka nawa, wanda ko daga Malanbil, ƙetaren kogi, aka hango sai an san an yi magana."

"Hoton hwa?"

"Ni musulmi ne, Mushe. Ba ni zanen gawa."

Nan fa Sallau ya jingina da addini, alhali gaskiyar maganar daban take. Bai iya zanen hoto ba. Ya taɓa gwada zaki a bayan wata mota, aka yi ta tambayar mai motar inda ya samo karen. Ban da haka ƙoƙon kan zai cinye masa fili, dole haruffan su rame. Jan fentin kuma ya ƙarar da shi a kan wani kamiyo a makon, abin da ya rage masa da yawa shi ne rawayan da yake yi wa Isufu aiki da shi. Mushe Amadu ya ɗan yi gardama, amma rana ta yi zafi, fara kuma ba ta jiran kowa. Ya ce to, a dai yi shi yadda za a gani.

An kuwa gani. Sallau ya kwashe yini a bayan biron yana aiki, kuma ko maƙiyinsa ya san bai taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba. Kalmar guba ta Faransancin ta zagaye cikin gangar tana sheƙi, O biyu a cikinta zagaye-zagaye, ta karkata tana murmushi. Da ya gama ya ja baya ya tsaya yana kallo, har ya ji haushin cewa za a kai gangunan daji inda ba mai gani sai fara.

Damina ta zo ta wuce. Fara ta ɗan taɓa gonakin wajen Bana, aka fesa mata magani, aka ci sa'a. Sallau ya manta da zancen gaba ɗaya.

Wata safiya bayan kaka, washegarin kasuwa, yana durƙushe a bakin kogi yana sa wa wani sabon jirgi suna, sai ya ji ƙarar ganga ana mirgino ta a gangare. Baraka ce, mai tuwon tasha, ta zo wanke sabon tanonta. Rawayan rubutun yana juyawa yana ɓacewa yana dawowa, Sallau ya yi murmushin mai ganin ɗansa a cikin taro. Sai gangar ta tsaya a gabansa, idonsa ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Ba sunan kantin Isufu ba ne.

Ya miƙe zumbur.

"Baraka, ina kika samo wanga?"

"Kasuwa mana, jiya. 'Yan dakon biro suka kawo su a amalanke, ga araha. Kan ka ce mi an wawashe." Ta daki gangar da tafin hannu. "Hannunka ne ai, ko ba ka gane shi ba?"

"Kin zuba ruwa ciki? Kin sha?"

"Yanzu dai za ni wanke. Lahiya kake rawar baki?"

Bai tsaya yi mata dogon bayani ba. Ya ce kada ta taɓa, kada ta bar kowa ya taɓa, guba ce. Ya bar tukunyar fentinsa a buɗe a kan yashi ya zura da gudu, babban mutum da gemunsa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya sami Mushe Amadu a biro yana shan shayi. Da komin ya ji, ya aje kofin ya miƙe. Ashe umarnin da aka bayar shi ne a huda gangunan a binne su. Shi kuma ya faɗa wa 'yan dako, ya koma kan takardunsa. 'Yan dakon suka dubi ganguna lafiyayyu, babu tsatsa a waje, ga rubutun Sallau a jiki, suka ga huda su ai almubazzaranci ne. Su ma ba su iya karatu ba. Su ma a kasuwa suka koyi nasu karatun, daga bakin Sallau.

"Da ka zana ƙoƙon kan nan," Mushe Amadu ya fara, sai ya tuna shi da bakinsa ya ce to a ranar.

Aka nemo mai shela ya bi unguwa-unguwa da gangarsa, yana faɗa da Hausa yana maimaitawa da Zabarmanci. Sallau yana gaba yana shiga gidajen mutane ko sallama ba ya ƙarasawa. Wata ta riga ta jiƙa gero a nata, aka kwashe aka binne. Wata ta ɓoye nata a ɗaki, ta rantse dabara ce ta Isufu don ya hana mutane araha, sai da mijinta ya shiga ya mirgino shi. A kowane gida magana ɗaya ake yi masa, kuma ba da faɗa ba, da mamaki.

"Ai kai ka ce mu saya ido rufe."

Da a ce zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Kowace ta faɗa sai ya ji kamar an ɗora masa wani dutse, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ya wuce gida na gaba.

Kafin rana ta take tsaka an tara gangunan a bayan biro, ba wanda ya sha ko ɗigo. Mushe Amadu ya duba ya sake dubawa, ya ce saura ɗaya. Aka tsare 'yan dakon da tambaya. Babbansu ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya tuna.

"Akwai wata tsohuwa mai kihi, 'yar Dendi. Ita ta hwara ɗauka ma. Ko tayi ba ta yi ba. Ta ce hannun ɗanta ne, wai ya daɗe yana yi mata alkawari, ga shi Allah ya kawo. Mu muka sa mata shi a jirgi."

Sallau ya gane Bibata ce. Jiya Bibata ta biyo ta rumfarsa ba ta same shi ba, yana can tasha yana aikin wata mota. Da ya dawo ya tarar da kifi a ganye a kan bencinsa, ya cinye da yamma yana santi.

Ya faɗa jirgin wasu masunta da ke gangarawa. Ruwa yana tafiya da su, amma shi gani yake kogin ya tsaya cak. Sai da suka yi nisa ya lura har yanzu buroshi yana hannunsa, fentin ya bushe ya manne masa a yatsu. Ya yi ta lissafin abin da zai cece ta. Wataƙila ta gaji jiya ba ta wanke ba. Wataƙila Seyni ya ji warin maganin. Wataƙila ta ce sai an sami murfi tukuna. Amma ya san Bibata, abin da ta daɗe tana jira ba ta kwana da shi a bushe. Kuma duk inda tunaninsa ya zaga sai ya dawo wuri guda: da ya faɗa wa Isufu kalma ɗaya, da tuni tana da tanonta, da jiya ta wuce amalanken nan ko kallo ba ta yi ba. Laifin 'yan dako yana nan, na komi yana nan, amma bai iya riƙe su a ransa ko na ɗan lokaci ba. Nasa kaɗai yake gani.

Tun daga cikin ruwa ya hango shi. Ta kafa tanon a gindin bishiyar ƙofar bukkarta, a kan duwatsu uku, ta goge shi da toka har yana ɗaukar ido, ta rufe bakinsa da sabon faifai. Ta juya rubutun ya fuskanci hanya don duk mai wucewa ya gani. A ƙasa, inda ruwan wankin ya taru ya yi ɗan tabki, kaji biyu suna kwance ƙafafu a miƙe.

Mata sun cika ƙofar bukkar. Seyni yana ciki a durƙushe, dawowarsa ke nan daga kamun kifi, rigarsa ma ba ta bushe ba. Bibata tana kwance a tabarma, zufa ta jiƙe ta sharkaf, jikinta yana karkarwa, yawu yana zuba ta gefen bakinta. Wata maƙwabciya tana ƙoƙarin ɗura mata nono, wata tana cewa mutanen ruwa ne suka taɓa ta, a kira mai magani.

"Wa ya sha ruwan tanon can?" Sallau ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ita kaɗai," maƙwabciyar ta ce. "Tun jiya ta cika shi ya kwanta. Ta hana kowa ɗiba, ta ce ita za ta sha na hwarko, sai kuma in ka zo kai ma ka sha. Da sahe ta sha, ta dama hura da shi."

Sallau ya koma waje ya sa kafaɗa ya ture tanon. Ruwan ya malale a ƙasa ya bi gangare, matan suka yi salati. Ya ce a kore yara da dabbobi daga wurin, a rufe da ƙasa. Seyni ya fito ya tsaya a gabansa.

"Mi ke cikin tanon, Sallau?"

"Maganin hwara aka zuba a ciki da. Na biron noma ne."

Seyni ya dubi gangar da ke kwance, ya dubi rawayan rubutun, ya dubi yatsun Sallau masu rawayan fenti. Sun sha nono ɗaya, sun yi dambe suna yara ba adadi, kuma Sallau ya so ƙwarai a ce yau ma Seyni ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari. Bai ɗaga ba.

"Kama ƙahwahunta," ya ce. "Likita yana Gaya."

Suka shimfiɗa ta a tsakiyar jirgin Seyni, suka kafa mata zane a kan sanduna don rana. Komawa Gaya hawa ne, ruwa yana ture su baya. Sallau ya ɗauki filafili yana tuƙi da dukan ƙarfinsa, amma hannun buroshi ba na tuƙi ba ne, jirgin sai karkacewa yake yi. Seyni ya ce ya aje, ya je ya riƙe mata kai kada amai ya shaƙe ta. Ya koma ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, bai san lokacin da ta rame haka ba.

Sun daɗe suna tafiya, Seyni yana ta tuƙi. Can karkarwar ta ɗan lafa, ta buɗe ido ta gane shi.

"Ay izo. Ka zo."

"Na zo, Inna."

"Ka ga tanona?"

"Na gani."

"Na wanke shi da kyau. Ban kankare rubutun ba, a hankali na bi." Ta haɗiye da ƙyar. "Ba ka same ni da lahiya ba. Zazzaɓin kogi ne, yana yi mini haka in kaka ta yi."

Ya so ya bar ta a kan haka. Seyni yana bayansa, ba zai ƙaryata shi ba. Ya share mata baki da gefen rigarsa, ya ce ta yi shiru ta huta, an kusa. Ba a kusa ba, ko ƙarafan sabuwar gadar ba su fara hangowa ba.

"Matan tunga sun tambaye ni," ta ce bayan wani lokaci. "Sun ce mi rubutun yac ce. Na ce ban sani ba, amma in ɗana ya zo zai karanta muna. Wata ta ce sunan Isufu ne, na ce a'a, na Isufu ya hi wanga tsawo, na san shi." Ta ɗan juya kai don ta ga fuskarsa. "Mi ka rubuta?"

Filafilin Seyni bai tsaya ba, amma Sallau ya ji ya rage ƙara. Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, ya ce albarka, ya ce lafiya, ta yi murmushi ta rufe ido. Amma ya riga ya yi mata shekaru yana cewa yana nan tafe, ya ji ba zai iya ƙara ko guda a kai ba.

"Guba, Inna," ya ce. "Na rubuta guba. Na rubuta haɗari, kada kowa ya taɓa. Ba zazzaɓi ba ne, ruwan tanon ne."

Ta mai da ido kan zanen da ke kansu. Ya zaci ba ta ji ba, ko Hausar ta kuɓuce mata. Hawaye suna zuba daga gemunsa suna sauka a goshinta, bai iya sakin kanta ya share ba. Ta ɗago hannu a hankali ta kama yatsunsa, tana shafa busasshen fentin da babban yatsanta. Babu fushi a muryarta ko kaɗan, tambaya ce tsakani da Allah, irin ta mai son a fahimtar da ita.

"To, ay izo, don mi ka yi shi da kyau haka?"

 Ta ɗan jira amsar, sannan karkarwar ta dawo, ba ta sake magana ba.

Sun iso Gaya ana kiran la'asar. Mushe Amadu ya riga ya kawo likita bakin ruwa yana jira da jakarsa. Likitan ya shiga jirgin ya durƙusa, ya taɓa wuyanta, ya ɗaga fatar idonta. Sai ya miƙe ya ce wa Seyni ya sauke zanen nan daga kan sanduna ya rufe ta.